Rariyar da Na Saka wa Gwaggo

A kamfaninmu mu huɗu ne masu ta cewa: Baba, Yaya, ni, sai Gwaggo. Gwaggo ba mutum ba ce, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban Baba. Rauta ce, wata ƙatuwar na'ura mai nauyin buhun siminti biyu, tana zaune a ɗakin injuna a ƙasan benenmu, fitilunta suna ta ƙyafta ido. Mu muna kwana a sama, ofis yana ƙasa, kuma gidaje da shaguna da makarantun da ke kewaye da mu duk ta cikinta suke shiga intanet.

Aikinta nuna hanya ne. Duk kamfani ko jami'a ko banki da ke da nasa yanki a intanet, ko a wace ƙasa yake, yana shelanta adireshinsa da hanyar da za a bi a same shi. Jerin adireshin nan gaba ɗaya shi muke kira cikakken tebur. Rautar da ta haddace shi ba ta tambayar kowa, saƙo yana zuwa za ta ce masa bi nan. Umma ce ta raɗa mata Gwaggo saboda yayar Baba, wadda ta san gidan kowa, da wanda ya tashi, da inda ya koma, da abin da ya tashe shi.

Yawancin ƙananan kamfanoni irin namu ba sa wahalar da kansu da cikakken tebur. Hanya ɗaya suke riƙewa: duk abin da ya zo, su miƙa wa babban kamfanin da suke jan layi daga wurinsa, shi ya san yadda zai yi da shi. Wannan hanyar ita Baba yake kira ɗan jagora. Mu ma muna da ita, amma don ko-ta-kwana kawai, a cewarsa. Masu dogara da ita kuwa ba ya ganinsu da gashi. "Wanda bai riƙe tebur ba ai ba injiniya ba ne, ɗan aike ne," in ji shi. Na fara jin wannan maganar tun ina ɗaukar tebur a matsayin abin da ake ɗora kwano a kai.

Kullum ƙarfe takwas Baba zai sauko, ya zauna a kujerarsa ta ɗakin injuna, wadda aka naɗe hannunta na dama da baƙin salatif, ya danna kibod da yatsu biyu, lamba ta fito a allo da manyan baƙaƙe. Sai ya karanta ta da ƙarfi yadda har masinja zai ji daga bakin ƙofa. "Dubu ɗari tara da biyar! Duniya tana haihuwa, Gwaggo tana goyo." Daga nan sai ya nemi shayi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kan Gwaggo hanya dubu ɗari takwas yake ɗauka, ko ɗaya ba ya ƙarawa. Ranar da Baba ya kawo ta, hanyoyin duniya duka dubu ɗari uku ne, har ya ce jikokinsa ne za su ga cikarta. Bai san duniya ba ta da aikin yi sai buɗe sababbin kamfanoni da raba tsofaffi gida biyu ba. Memorinta kuma ba irin na waya ba ne da za ka sayo kati ka cusa. A jikinta yake, yadda aka ƙera ta haka za ta mutu.

Shekara biyu da suka wuce, da na ga lamba ta kai dubu ɗari bakwai da casa'in, na same shi na ce, "Baba, Gwaggo fa ta kusa cika."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce dai kika cika, Auta. Da surutu."

Na kai ƙara wurin Yaya, wanda shi ne manaja, ko da yake in ka nuna masa kebul biyu ba zai iya gaya maka wanne ne na wuta ba. Ya rufe ƙofar ofishinsa, ya rage murya. "Ke, ki bar kaza cikin gashinta. Kin san hawan jininsa. Ki yi duk dabarar da za ki yi, ni dai ban ji ba, ban gani ba."

Na kuwa yi dabara. Na saka wa Gwaggo rariya a baki. Babban kamfani yana turo teburin duka, ita kuma tana karɓar abin da kanta zai ɗauka, ragowar ya zube. In saƙo ya zo yana neman adireshin da ta zubar, sai ta miƙa shi ga ɗan jagora a ɓoye, ya isa lafiya, kwastoma bai san an yi ba. Sannan na taɓa allon Baba kaɗan. Maimakon ya nuna yawan hanyoyin da suka shiga ɗaki, sai yake nuna yawan waɗanda suka zo bakin ƙofa. Ban ƙirƙiri lamba ba, Allah ya sani. Na dai ɗauko ta daga inda ba nan ake tambaya ba. Da wannan nake lallashin zuciyata duk safiya, lokacin da Baba yake shelanta wa duniya cewa shi ba ɗan aike ba ne, alhali 'yarsa ta mayar da shi rabin ɗan aike ba da saninsa ba.

Haka muka zauna lafiya har idanunsa suka fara ba shi matsala. Likita ya ce ya rage kallon allo. Wata ranar Asabar muna cin abincin rana, Baba ya ajiye cokali ya ce ƙarshen wata zai bar ɗakin injuna, kuma ni zai bar wa. Shekara tara ina jiran wannan maganar. Shekara tara ina jan kebul a cikin silin, ina hawa rufin mutane da tsakar rana, ana ce min "kira mana injiniyan" bayan na gama gyaran. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, amma a ƙarƙashin tebur ƙafafuna rawa suke yi.

Ranar Lahadi sai ga Kawu. Ba ɗan'uwan Baba ba ne, ajinsu ɗaya a makarantar koyon aikin lantarki, kuma shi ma yana da kamfani irin namu a ɗaya ɓangaren garin. Shekara arba'in suna abota, shekara arba'in kowa yana jiran ya ga ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe don ya ɗaga shi yana dariya. A bayan idonsa Kawu Ai-na-faɗa muke ce masa, domin ko ruwan sama aka yi, shi ya riga ya faɗa. Baba kuwa Gwani yake ce masa, da irin muryar da ke nuna ba yabo ba ne.

Wai ya zo duba Baba ne saboda ciwon ido. Ya zauna a ofis, ya sha shayinmu kofi biyu, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Injiniya, na ji za ka ba Auta ɗakin injuna. Madalla, madalla. Yarinya ce mai ladabi. Amma ina da wani ƙwararre a wurina, takardunsa sun cika jaka, in kana so in ba ka shi ya riƙe maka. Don tsohuwar nan taka, ni fa ban yarda tana ɗauke da cikakken tebur ba. Tawa da ta fi ta ƙuruciya, bara ta shaƙe, sai da na canza."

"Taka ai tun tana sabuwa raguwa ce," in ji Baba. Ya ja shi har gaban allo, ya danna, lamba ta fito.

Kawu ya gyara tabarau, ya taɓe baki. "Lamba ai ko a bango ana rubutawa. In da gaske ta san gidan kowa, me take yi da ɗan jagora? Cire mata shi mu ga ko za ta kai kanta."

In aka cire ɗan jagora, duk adireshin da na zubar ya ɓace ke nan, sama da dubu ɗari. Na buɗe baki zan ce ranar ba ta dace ba, ko wace rana ce, amma Baba ya riga ni.

"Laraba, ƙarfe goma. Ka zo da tabarau biyu."

"In ta kasa fa?"

"In ta kasa, mai kula da ita ce ta kasa, sai ka turo min mai jakar takardun." Ya dafa kafaɗata, ya yi dariya. "Amma ka gaya masa kada ya wanke riga tukuna. Wannan ni na koya mata aiki."

Abin da ya fi damuna ke nan. Ba don yana shakkata ya sa kujerata a caca ba, don ya tabbata da ni ne.

Kawu yana fita na ruga wurin Yaya. Ya saurare ni yana juya biro, sannan ya shiga kawo shawarwari irin na wanda ba wuyansa ne a igiya ba. In ce na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. In kashe wutar ginin in ce daga waje ne. In kwanta in ce zazzaɓi. Da na ce Baba zai ɗaga ranar ne kawai, sai ya ce to in bari a loda mata teburin duka na minti goma, ai ba za ta mutu a minti goma ba.

"Yaya, in aka ce ka haɗiye katifa na minti goma, za ka iya?"

"Ni dai tun farko na ce ban ji ba, ban gani ba."

Na hau sama wurin Umma, ina fatan ta yi masa magana ya fasa. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta san tebur ba sai na cin abinci, amma ta san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta miƙo min zanen gado in kama mata ɗaya bakin.

Ranar Litinin na yi niyyar faɗa masa gaskiya, wallahi na yi. Na shiga ɗakin injuna da maganar a bakina, na tarar da shi a tsugune da ɗan burushin fenti yana share wa Gwaggo ƙura daga ramukan iska, ɗaya bayan ɗaya, yana lalube da yatsa saboda ba ya gani sosai. Ya hau ba ni labarin ranar da aka kawo ta, yadda mutum huɗu suka kasa hawa da ita matakala uku, yadda ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba har sai da ya ga ta haddace teburin farko. Na sha jin labarin, amma ranar ya ƙara wani abu. Ya ce, "Ke kina aji biyu a sakandare, kika tsaya a nan kina riƙe min tocila. Tun ranar na san ke ce." Sai na haɗiye maganata, na ce bari in ɗauko masa tsumma.

Tunda gaskiya ta gagara, sai na koma ga abin da na iya. Lissafin mai sauƙi ne. Hanyoyi dubu ɗari tara da biyar, wurin zama dubu ɗari bakwai da casa'in in ana son ta yi numfashi. Dole a bar wasu a waje. Abin da ya rage shi ne a tabbata waɗanda aka bari ba wanda zai tambaye su ranar Laraba. Na zaro jerin duk inda kwastomominmu suka leƙa a wata shida, na shigar da su. Sannan na zauna na shiga cikin kan Kawu, wurin da ba na fatan in sake shiga. Zai duba labarai. Zai duba ƙwallo, don ya ga ko ƙungiyar Baba ta sha kashi. Zai duba bankuna, da masu sayar da motoci, da jami'ar ƙasar waje da ɗansa ya yi karatu, wadda ba ya gama gaisuwa bai ambace ta ba. Zai nemi wata ƙasa mai nisa don ya kama mu, saboda haka na bi manyan jaridu da ma'aikatun kowace ƙasa na ba su wuri. Waɗanda na zubar kuwa, Allah ya ba su haƙuri: kamfanonin kamun kifi a ƙasashen ƙanƙara, ƙananan masana'antun kusoshi, wata ƙungiyar masu kiwon zuma da ban san me take yi da adireshi har goma sha biyu ba. Da yammacin Talata na gama, na dubi aikin, ni da kaina na sara wa kaina.

Laraba ƙarfe goma saura kaɗan Kawu ya iso, ya sha turare kamar mai zuwa karɓar kyauta. Yaya ya tsaya kusa da ƙofa, inda gudu zai yi sauƙi. Baba ya zauna a kujerarsa, ya nannaɗe hannun riga, ya goge layin ɗan jagora da yatsunsa biyu, ya juya.

"Bismillah, Gwani. Duniya taka ce."

Kawu ya haɗa kwamfutarsa da layinmu. Ya nemi labarai, suka buɗe. Ya nemi ƙwallo, ta buɗe, kuma ƙungiyarsa ce ta sha kashi. Banki ya buɗe. Jami'ar ɗansa ta buɗe, har ya ɗan tsaya ya nuna mana ginin da yaron yake kwana. Ya nemi wata jarida ta wani tsibiri da na tabbata a daren jiya ya binciko sunanta, ita ma ta buɗe. Baba yana ƙirgawa da ƙarfi. Goma. Goma sha takwas. Ashirin da biyar. Goshin Kawu ya fara naso duk da sanyin ɗakin. Ni kuwa kaina ya fara girma, har na ce, "Kawu, ko a ƙaro shayi? Na ga aikin da yawa."

A na ashirin da bakwai ya saduda. Ya jingina, ya cire tabarau, ya murza ido. "To, Injiniya, tsohuwa ta yi ƙoƙari. Bari in leƙa ofishina in ga ko an neme ni, sai in kama hanya."

Ya rubuta adireshin kamfaninsa. Ɗan da'irar nan ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, ya ci gaba da juyawa.

A nan na tuna. Ranar da na fara saka rariya, shekara biyu baya, a makon ne Kawu ya ce a gaban baƙi wai muryata tana da daɗi, kamata ya yi a ajiye ni a teburin amsa waya. Da na zauna zaɓar waɗanda za a zubar, adireshin kamfaninsa na fara rubutawa da hannuna, a layin farko, ina dariya ni kaɗai. Ba abin da ya same shi, tunda ɗan jagora yana kai masa saƙonsa. Sai na manta. Duk wahalar da na sha kwana biyu a ƙasan wannan layin na yi ta, Gwaggo kuwa daga sama take fara karatu. Na auna duk inda mutum zai je a duniya, na manta cewa kowa gidansa yake komawa. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa har da siminti na yi masa.

"Ai na faɗa!" Kawu ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. "Ai na faɗa! Injiniya, gidana da ke nan cikin gari ba ta sani ba, ita ce za ta san duniya?"

Baba ya jawo kibod, ya bar gajeren umarnin da na shirya masa, ya rubuta dogon, na asali, wanda rabonsa da shi an yi shekaru. Ashe bai manta ba. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo. Ya ga lambar gaskiya. Ya gangara ya ga rariya. Ya ga layin farko, da ɗan bayanin da na rubuta a gefensa yadda muke yi don tunawa. Ya karanta shi a hankali, leɓensa yana motsi: wannan ba sai an san gidansa ba.

Na ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Na ɗauka hawan jinin ne, har na matsa. Ashe dariya ce yake dannewa, ta ƙi dannuwa.

"Gwani," ya ce yana share ido, "wuri ashirin da bakwai ta kai ka, har tsibirin da kai ma ba ka iya faɗar sunansa. Gidanka ne kawai ba ta ga amfanin haddacewa ba. Wannan ba mantuwa ba ce, zaɓi ne."

"Kada ka mayar da maganar wasa. Tana ɗauke da tebur ko ba ta ɗauke?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Baba. "Ba ta ɗauke. Ka yi gaskiya."

Shekara arba'in Kawu yana jiran waɗannan kalmomi, amma da suka zo sai ya rasa inda zai ajiye su. Ya ɗaga kujerar da ya kayar, ya naɗe wayar kwamfutarsa. "To maganar mutumin nawa fa?"

"Zan neme ka."

Yana fita Yaya ya kara waya a kunne ya ce ana kiransa, wayar da ba wanda ya ji ta yi ƙara. Muka rage daga ni sai Baba sai ƙugin fankokin Gwaggo. Ya fara mayar da layin ɗan jagora, domin ko a cikin fushi ba ya wasa da kwastoma. Sannan ya juyo da kujerar.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu, Baba."

"Shekara biyu ina zama a nan ina karanta wa masinja lambar da ba tawa ba." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Ashe rariya biyu kika saka. Ɗaya a bakinta, ɗaya a kunnena. Kin auna ni kin ga iya abin da kaina zai ɗauka."

Kunya ta kama ni, amma haushi ma ya taso, don ni ma 'yarsa ce. "Na faɗa maka, Baba. Ka ce ni ce na cika da surutu."

"Sau ɗaya kika faɗa."

"Sau nawa ake faɗa maka abu? Wa ya taɓa faɗa maka sau biyu a gidan nan ya kwana lafiya?"

Na ɗauka zai kore ni daga ɗakin. Sai ya dube ni kawai, ya daɗe yana dubana da idanun nan da suka fara yin fari-fari a gefe. Sannan ya ce, "Je ki gaya wa yayanki ya sanar da mutane, ƙarfe ɗaya sabis zai ɗauke na minti goma. Za ki cire rariyar nan ina kallo."

"Baba, za ta shaƙe."

"Ke kika ce. Shekara biyu ina jin abin da kika ce. Yau ina so in gani."

Ƙarfe ɗaya, lokacin da yawancin ofisoshi suka tafi cin abinci, na sunkuya ta gefensa na cire rariyar. Na gyara allon ya koma faɗar gaskiya. Lamba ta fara hawa. Dubu ɗari bakwai da casa'in da biyu. Da biyar. Da takwas. Baba yana karantawa a hankali, ba irin karatun safiya ba. Fankoki suka ƙara ƙara, kamar motar da ta ɗauki kaya tana hawa tudu. Lamba ta kai dubu ɗari takwas, ta tsaya. Allo ya cika da jan rubutu, layi yana korar layi. Fitilun da na saba gani suna ƙyaftawa tun ina yarinya suka tsaya cak, suka zuba mana ido. A ofishin gaba waya ta fara ƙara, sai ta biyu, sai ta uku, muna jin Yaya yana ta ba da haƙuri.

"Ashe haka take yi," in ji Baba. Ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a gefenta, inda ƙarfen ya yi zafi. "Ta yi iya yinta."

Ya dawo da hannun kan kibod, ya ɗora yatsunsa biyu. Na jira ya danna. Bai danna ba. Yatsun suka tsaya a sama, suka matsa hagu, suka dawo. Wayoyi suna ta ƙara. Shi da ya koya min komai, bai taɓa saka rariya ba a rayuwarsa, domin ya rantse ba zai koyi aikin 'yan aike ba.

"Ban san yadda ake yi ba," ya ce.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan maganar daga bakinsa ba, kuma ban ji daɗin jinta ba ko kaɗan. Ya dafa hannun kujerar, ya miƙe, ya matsa gefe.

"Zauna."

Na zauna. Kujerar da ɗuminsa. Ya tsaya a bayana, hannunsa a kan makarin, yana tambaya ina amsawa: wannan layin me yake zubarwa, wancan me ya sa ya zo kafin wannan. Minti huɗu na yi ina mayar da rariyar, biyu daga ciki ina goge ido da bayan hannu, don allon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Fitilu suka koma ƙyaftawa. Wayoyin ofis suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan tashi in ba shi wurinsa, ya danna kafaɗata na koma.

"Layin farko fa, Baba? In goge?"

Ya yi ɗan tunani, gefen bakinsa ya motsa. "Goge. Mutumin ya yi gaskiya yau, a san gidansa. Amma ki dakata tukuna, sai na kira shi na ce ya riƙe mai jakar takardunsa. Kada ya ɗauka tsoro muka ji."

Ya juya ya nufi ƙofa, ya laluba bango har hannunsa ya sami madogara. Ina zaune ina jin takunsa a kan matakala, a hankali, yana hutawa a kowace ta uku, har ya kai sama ya kira Umma ta nemo masa lambar Kawu a waya.